Dan Allah yaya ake auna ruwan rafi kafin a sayi injin wuta? (daga wajen Tinyer)

Ɗan Tinyer:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sani akan maganar kuran, wato wutar lantarki. Garinmu yana cikin duwatsu yamma da Tinyer a Adamawa ta Kamaru, ta ɓangaren tsaunin Cabbal Mbabo, layin wuta bai iso mu ba kuma ba mu ga alamar zai iso nan kusa ba. Akwai wani mayo, wato rafi, da yake saukowa daga kan dutse ya bi ta gefen gari, a wani wuri yana faɗowa ƙasa sosai har ana jin ƙararsa daga cikin gida in damina ta yi nisa. To matasan gari da 'yan uwanmu da suke Gaundare da Duwala sun fara haɗa kuɗi domin a kafa ƙaramin turbin, wato injin da ruwa yake juyawa ya bada wuta, abinda muke so shine fitila a gidaje da masallaci, firigo na ajiye allurar rigakafi a ɗakin shan magani, cajin waya, in da hali har injin niƙa domin mata su huta da tafiya. Wani ɗan kasuwa ya kalli bidiyon ruwan a waya yace zai kawo mana na kilowat 20, amma bidiyon a watan Agusta aka ɗauka, ni kuma nasan yadda mayon nan yake komawa in rani ya yi. Baya ƙafewa dai, amma yana raguwa sosai. Shine nace bari in tambaya kafin kuɗin mutane ya fita, yaya ake sanin ruwa ya isa? bamu da na'ura ko ɗaya, sai mita na awo da waya.

Injiniyan ruwa, Gaundare:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kayi daidai da ka tsaya, kuma dan Allah ka tsayar da sauran, kada a biya ko sisi na turbin yanzu. Ba a zaɓar inji da bidiyo. Abu biyu ne suke bada wuta: yawan ruwan da yake wucewa a kowane sakan, da tsawon faɗuwarsa daga inda zaku tare shi zuwa inda injin zai zauna. Lissafin da muke yi a tsaye a bakin rafi shine lita a sakan sau mita na faɗuwa sau 5, abinda ya fito shine wat. Asalin lambar 9.81 ce, amma a ƙananan injuna kusan rabi yana ɓacewa a cikin tiyo da turbin da dinamo da waya, shi yasa muke sa 5. Kaga ke nan kilowat 20 ɗin da aka ce maku, wato wat dubu ashirin, in faɗuwarku mita 25 ce sai kun samu lita 160 a kowane sakan, kusan duro guda ke nan duk ƙiftawar ido, kuma a watan Maris ake so a same shi. Ka tambayi kanka ko mayonku yana da wannan.

Maris nake ta nanatawa domin mu nan Adamawa ruwan sama yana farawa wajen Afrilu ya ɗauke wajen Oktoba, daga Nuwamba rafi yana cin abinda ƙasa ta ajiye ne kawai, mafi ƙarancinsa sai ƙarshen Fabrairu zuwa Maris har farkon Afrilu in ruwa ya yi jinkiri. Awon wannan lokacin shine awonku na gaskiya. Na Agusta amfaninsa ɗaya, ya nuna maku inda ambaliya take kaiwa domin kada ku gina ɗakin inji a hanyarta.

Yanzu yadda zaku auna. In ruwan ƙarami ne ku nemi inda yake zubowa daga kan dutse, ku tare gefe da gefe da buhunan yashi ku tattara shi duka ya bi ta kwano ɗaya da aka lanƙwasa ko guntun babban tiyo, ku tara duro mai lita 200 ku danna agogon waya. In ya cika a sakan 10 kuna da lita 20 a sakan. Ku maimaita sau da yawa ku ɗauki tsaka-tsaki. Amma in duron yana cika kafin sakan 5 wannan hanya bata da tabbas kuma, hannu baya iya danna agogo daidai, sannan ruwa yana fantsama waje.

In yafi ƙarfin duro sai hanyar abu mai yawo a kan ruwa. Ku nemi wuri miƙaƙƙe inda ruwan yake tafiya lafiya babu juyi babu manyan duwatsu, ku auna mita 10 ku kafa sanda a farko da ƙarshe. Ku auna faɗin ruwan, sannan zurfi a wurare da yawa daga wannan gaɓa zuwa waccan, ku fitar da tsaka-tsakin zurfin. Ku jefa lemo ko gorar roba da aka cika rabi da ruwa a ɗan sama da sandar farko, kada ku sa busasshen kara ko ganye domin iska ce zata tura shi. Misali a ce faɗi mita 1.5, zurfi santimita 12, wato 0.12, in ka ninka su 0.18 ke nan. Lemon ya ci mita 10 a sakan 25, gudunsa 0.4 a sakan. To anan mutane da yawa suke ruɗuwa, ruwan saman yafi na ƙasa gudu domin na ƙasa yana gogar duwatsu, dole ka rage. A rafi mai tsakuwa marar zurfi irin namu ka ninka da 0.6, in kwata ce ta siminti mai santsi 0.8. Sai gudun ya zama 0.24, sau 0.18 ya bada kubik mita 0.043, wato lita 43 a sakan. Da faɗuwar mita 25 wannan wat dubu biyar da ɗoriya ne in kun kwashe ruwan duka, kuma baza ku kwashe duka ba.

Wanda nafi so ku yi shine na katako, domin shi zai zauna rani guda yana baku labari. Ku samu katako mai kauri ko farantin ƙarfe ku yanka masa baki mai siffar V, kusurwar ta zama daidai irin ta kwanar ɗaki, digiri 90, bakin ya zama mai kaifi. Ku tare rafin da shi a toshe ƙasa da gefe da laka yadda duk ruwan sai ta cikin V zai wuce ya faɗo a sake, iska tana shiga ƙarƙashinsa. Sai a kafa ruler a jikin turke kamar mita ɗaya a bayan katakon inda ruwa ya kwanta, sifirinsa daidai da tsinin V ɗin. In ruwa ya hau santimita 10 kuna da lita 4 da ɗan abu, santimita 20 kusan lita 25, santimita 30 kusan lita 68. Kaga yadda yake tsalle, shi yasa kuskuren santimita ɗaya ba ƙaramin abu bane, a karanta da natsuwa. Da damina ambaliya zata iya ɗauke shi, ku cire in ruwa ya sauka ku mayar a Nuwamba. Akwai kuma hanyar gishiri da muke yi a rafi mai duwatsu da kumfa, a zuba gishirin da aka auna a sama a bi shi da na'ura a ƙasa, tana da kyau sosai amma sai da na'urar, ku bar wannan sai ranar da ma'aikaci yazo.

Faɗuwa kuma kada ku yarda da abinda GPS na waya ya nuna, yana iya kuskuren mita 10 ko fiye, a aikinku wannan kusan rabin wutar ne. Ku ari siririn tiyon da magina suke ɗaukar lebur da shi, ku cika shi da ruwa ku sauko gangaren mataki mataki kuna rubuta bambancin kuna tarawa. Ko ku shimfiɗa dogon tiyo cike da ruwa daga sama zuwa ƙasa ku ɗaura agogon matsi a ƙarshe, in agogon ya nuna bar 1 kusan mita 10 ne, amma a tabbatar babu iska a cikin tiyon.

Mai walda, Garwa:

Salam. Injiniya ya gama magana akan awo ni nawa ɗan ƙari ne ta ɓangaren ƙarfe tunda shine sana'ata. Ɗan uwa in kun samu lambobin nan biyu su zasu faɗa maku irin turbin ɗin, faɗuwa mai tsawo da ruwa kaɗan Pelton ko Turgo ake sawa masu kamar cokula, in faɗuwar matsakaiciya ce ruwan da ɗan yawa sai turbin da ake kira Banki, wannan ma ana iya ƙera shi a gareji mai kayan aiki masu kyau kuma gyaransa baya wahala, wasu ma famfon ruwa suke juyawa ya zama turbin. Inji babba akan ruwa kaɗan baya bada wuta kaɗan fa, sau da yawa ƙin juyawa yake yadda ya kamata wutar tayi ta rawa tana ƙona kaya.

Sai tiyo, nan ne ake son yin tsimi kuma nan ne wuta take mutuwa. Lita 30 a sakan in ka tura ta tiyo mai faɗin milimita 110 zaka rasa kusan mita 10 na faɗuwarka a kowane mita 100 na tiyo saboda guga, in ka sa na 160 asarar bata kai mita 2 ba. Kuma a sayi tiyon matsi na gaske a binne shi, na ruwan wanka fashewa zai yi, rana da wutar daji da kofaton shanu duk abokan gabarsa ne. Yashi kuma wlh shine babban maƙiyi, ku gina ɗan kwarmi mai faɗi kafin bakin tiyo inda ruwa zai lafa yashi ya kwanta a riƙa wanke shi, da raga ta tare ganye. Sannan ku auna nisan wurin injin zuwa gari tun yanzu, wuta mai volt 220 bata tafiya nesa, in ya wuce kilomita ɗaya kuɗin waya mai kauri ko taransifoma zai iya fin na turbin ɗin kansa.

Dan Mokolo:

Ni dai gaskiya ina ganin ku sayi pano na sola ku huta. Mu nan duwatsun Mandara ruwa yana saukowa kamar zai tafi da gari a Agusta, zuwa Disamba sai yashi, Mayo Tsanaga da Kaliyawo a Marwa kowa yasan yara kwallo suke bugawa a ciki da rani mata suna tonon ruwa. Ko Lagdo da girmanta megawat 72 ai mun ga shekarun da ruwa yayi kasa a dam din aka shiga rabon wuta daga Gaundare har Marwa, shi yasa aka kawo manyan gonakin sola a Marwa da Gidar. In babban kogi kamar Binuwai yana gazawa ina ga karamin mayo. Sola babu yashi babu ambaliya babu fada da makiyaya.

Injiniyan ruwa, Gaundare:

Malam na Mokolo maganarka gaskiya ce a ƙasarku, ni ma in mutumin Mokolo ko Mora ya tambaye ni sola zan ce masa ba tare da dogon lissafi ba. Amma ƙasar ba ɗaya bace. Marwa ruwan shekara wajen milimita 800 ne cikin 'yan watanni, ya faɗi kan dutse ya gudu. Gaundare wajen 1500 ne cikin wata bakwai, ga tudu mai sanyi ga kurmi a bakin rafuka, daga nan Bina da Jerem da Faro da ita Binuwai ɗin kanta suke tasowa, rafuka da yawa suna gudu har Maris. Kuma ka duba, turbin mai kilowat 3 yana aiki dare da rana, kilowat-awa 72 ke nan a yini ba tare da batir ko ɗaya ba, kafin sola ta baka wannan sai pano mai yawa da ɗakin batura da za'a canza bayan 'yan shekaru. Saboda haka ni bana cewa ruwa yafi sola ko sola tafi ruwa kafin a auna. In awon Maris ya fito lita 5 ne ni da kaina zan ce masu su bi shawararka, ko su haɗa biyun, ruwa da damina lokacin hadari, rana da rani.

Malama daga Tibati:

Assalamu alaikum, sannunku da ƙoƙari. Ɗana na Tinyer akwai abinda maza suke mantawa in ana wannan lissafi. Ruwan da zaku sa a tiyo, tsakanin inda kuka ɗauke shi da inda zai dawo rafin wannan tsakanin bushewa zai yi in kun kwashe duka, kuma watan da kuke buƙatarsa shine watan da kowa yake buƙatarsa. A ina mata suke wanki da ɗiban ruwa? a ina shanu suke sha in Fulani sun sauko da rani? akwai masu lambu a sama da suke jan ruwa da injin ban ruwa? In akwai su to awon da kuka yi da safe ba zai zama ɗaya da na la'asar ba. Ku zauna da jauro da arɗo da matan gari tun kafin a kafa katakon awon ma, domin in mutane suka wayi gari suka ga an tare rafi basu san dalili ba cire shi zasu yi, kuma suna da gaskiya. A yanke tun farko cewa kaso kaza na ruwan rani ba'a taɓa shi, a rubuta.

Maganar rubutu kuma tunda ni malamar makaranta ce, ku sayi littafi guda ku ba mutum ɗaya mai amana wanda baya tafiye tafiye, ya riƙa karanta ruler ɗin kullum a lokaci ɗaya, bayan sallar asuba misali, ya rubuta kwanan wata da santimita da ko anyi ruwa jiya. 'Yan aji na ƙarshe a firamare ma zasu iya in malaminsu yana dubawa. Ku kuma tambayi tsofaffi shekarar da mayon yafi raguwa a saninsu da inda ruwa ya tsaya, wanda ya ga farin shekarun 1973 da 1984 yana da labarin da awon shekara ɗaya bazai baku ba. Mu nan kusa damu akwai ƙaramar tashar Mbakawu a kan Jerem, megawat ɗaya da ɗan abu, da ta fara aiki a 2022 tana ba Tibati wuta, amma ita tana ƙasan babban dam ne kuma kogin an daɗe ana rubuta awonsa, ku naku babu wanda ya taɓa rubutawa sai ku.

Ɗan Tinyer:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, Mama na gode, maganar makiyaya tana nan kuwa domin mashayarsu tana ƙasan faɗuwar kaɗan. Yaya Injiniya damuwata ɗaya, in nace wa mutane a jira shekara guda wasu zasu janye kuɗinsu, gani zasu yi an shiririce. Babu wata hanya ta taswira ko lissafi da zata bamu amsa yanzu? kuma injin niƙan fa, zai samu shiga?

Injiniyan ruwa, Gaundare:

Akwai lissafin taswira kuma muna yinsa, amma ka ji iyakarsa. Ana buɗe taswira mai nuna tudu, ko Google Earth, a zagaye duk ƙasar da ruwanta yake gangarowa zuwa inda zaku tare, a bi kan tsaunuka. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in kilomita 1 lita miliyan ɗaya ne. A ce ƙasarku murabba'in kilomita 10 ce ruwan shekara 1500, sannan a ce kashi ɗaya cikin huɗu ne yake isa rafi sauran ya tafi a rana da itatuwa da ciyawa, in ka raba a kan sakan na shekara zaka samu wajen lita 120 a sakan. Lamba mai daɗin ji, amma tsaka-tsakin shekara ce, yawancin ruwan nan ya wuce ne tsakanin Yuli da Oktoba. Na Maris zai iya zama ɗan kaɗan daga cikinsa, kuma nawa ne wannan kaɗan ɗin ya danganta da irin dutsen da yake ƙasa da kaurin ƙasar da kurmin da ya rage, rafi biyu maƙwabta masu faɗin ƙasa ɗaya sai ka ga ɗaya yana gudu ɗaya ya tsaya. Wata dabarar ita ce a ɗauki tsohon awon wani kogi na kusa irin Bina, wanda aka rubuta shekaru da yawa tun zamanin ORSTOM, tsohuwar cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, a rage shi gwargwadon faɗin ƙasa. Yana taimakawa wajen sanin ko shekarar da kuka auna mai ruwa ce ko mai fari, amma ƙaramin rafin kan dutse baya bin halin babban kogi sau da ƙafa. Taswira zata ce maku wurin ya cancanci a wahala a kansa ko a'a, girman injin kuma sai katako da ruler.

Kuma ba zaman banza zaku yi ba a shekarar. Rani ɗaya cikakke daga Nuwamba zuwa saukar ruwa shine dole, a cikinsa ku auna faɗuwa, ku auna nisan waya, ku ƙirga gidaje da abinda kowa zai kunna, ku yi zaman da Malama ta faɗa, ku je wajen mer, wato magajin gari, da ofishin ma'aikatar ruwa da makamashi na Tinyer ku ji takardun da ake buƙata, akwai kuma hukumar wutar karkara AER. Littafin awon nan shine abu na farko da duk mai son taimaka maku zai nema, ko ɗaliban jami'ar Gaundare masu neman aikin kammala karatu in sun ga rubutu a hannu sunfi saurin zuwa. Ka riƙa ɗaukar hoton shafin duk sati kana turawa a guruf ɗin masu bada kuɗi, mutum in yana ganin lamba tana shigowa baya cewa an shiririce.

Injin niƙa kuwa kada ka yi wa mata alkawari tukun. Motarsa sau da yawa kilowat 5 zuwa 7 ce kuma lokacin tashi tana jan ninkin haka sau uku ko fiye. In misalinmu na sama ne, kun bar wa rafi kasonsa kun ɗauki lita 30 a faɗuwar mita 25, wat 3750 ke nan, ya isa fitilun LED na gidaje masu yawa da firigon allura da caji, amma bazai tada wannan motar ba. Abinda ake yi a irin haka shine a kai injin niƙan ɗakin turbin a haɗa shi da bel kai tsaye, da rana a yi niƙa da dare a mayar wa dinamo, sai dai a duba ko hanyar zuwa wurin mata zasu iya binta da kaya a ka. In kun kafa katakon ka turo min hotonsa daga gaba da kuma gefe in duba ko V ɗin ya zauna daidai kafin ku fara rubutu.